Hattara da masu na'urar "gwajin jiki gaba ɗaya"

Jama'a, musamman masu fama da ciwon cikin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a kula da masu yawo da wata 'yar na'ura da suke kira kwantum. Za su miƙa maka ɗan ƙarfe da aka jona da kwamfuta, ka riƙe a tafin hannu. Kafin ka gyara zama, sakamako ya fito shafi-shafi: wai hantarka ta gaji, hanjinka ya cika da datti, ga olsa ta kama ka. Ba a ɗebi jini ba, ba a karɓi bayan gida ba, ba a ɗauki hoto ba. Ƙarfen nan ba ya ganin abin da ke cikin mutum. Kuma mai gwajin shi ne mai maganin, kwalabensa na nan cikin jaka tun kafin ka zo.

Ciwon ciki mai daɗewa ba sanadi ɗaya gare shi ba. Gyambon ciki dai, wato olsa, galibi ƙwayar cutar H. pylori ke kawo shi, wadda likitoci biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a Ostareliya a 1982, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Yawan shan ibuprofen, diclofenac ko aspirin ma yana kawo shi. Ana gano ƙwayar ne ta gwajin numfashi ko na bayan gida, ko a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a duba. Tsakuwar matsarmama kuwa hoton ciki ke nuna ta. Af, in kana shan maganin olsa na omeprazole ka faɗa wa likita, don akan dakatar da shi mako 2 kafin gwajin ƙwayar H. pylori, in ba haka ba sakamakon zai iya cewa babu alhali akwai.

Asarar kuɗin ba ta fi damuna ba. Watannin da mutum zai ɓata yana shan "maganin wankin ciki" su ne matsalar, domin ciwon dajin ciki ma yakan fara da ƙwannafi da kumburi kamar olsa. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko yana aman jini, ko yana ramewa ba dalili, ko haɗiya tana yi masa wuya, ya nufi asibiti ranar, kada ya jira kwalbar da ya saya ta ƙare.