Rigar Bobby Orr mai lamba 4 a gwanjon Bauchi

Da hunturu ya kawo jiki, masu gwanjo a kasuwannin Wunti da Muda Lawal sukan kwance dilar kayan sanyi. A ciki akan tsinci baƙar riga mai dogon hannu da ratsin ruwan ɗorawa, da harafin B a ƙirji cikin da'ira kamar wilin keke, da lamba 4 a baya. Rigar Boston Bruins ce, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Amurka, lambar kuma ta Bobby Orr ce.

Orr ɗan Kanada ne, haifaffen 1948, ɗan baya ne. Kafin zuwansa, galibi aikin ɗan baya shi ne ya tare, ya miƙa wa na gaba, ya koma gidansa. Shi kuwa sai ya ɗauki faifan robar da ake bugawa a matsayin ƙwallo tun daga bayan ragarsu, ya keta fili da gudu yana sauya taki, har bakin ragar abokan hamayya, in an ƙwace kuma ya riga kowa komawa. Sau 8 a jere ya zama gwarzon 'yan baya na gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, daga 1968 zuwa 1975. A kakar 1970-71 ya tara maki 139, wato jimlar cin da ya yi da wanda ya taimaka aka yi. Ya ci kofin Stanley, kofin zakarun gasar, a 1970 da 1972. Gwiwarsa ta hagu ce ta ci amanarsa, tiyata bayan tiyata, har ya ajiye wasa a 1978 yana ɗan shekara 30.

To, rigar fa? An yanka ta ne don a ɗora kan kariyar kafaɗa, shi ya sa take da faɗi. Mai sa L ya nemi M, in ba haka ba hannun zai rufe masa yatsu.

Kafin ka biya, juya cikinta. Mai kyau, lambar da tambarin ɗinkakku ne, za ka ga sawun zare ta ciki. Ta banza mannawa aka yi da zafi, wanki kaɗan gefen lambar zai fara ɗagowa. Irin ta 'yan wasa tana da ɗan maɗauri a ciki ta baya, wanda ake maƙalawa a wando. Duba gwiwar hannu da hammata, nan ne take fara cinyewa.

Yadin roba ne mai kauri. A sanyin asubar Disamba da Janairu, musamman ga ɗan acaɓa, tana da daɗi in an sa wata a ciki, don iska na ratsa ƙananan hujojinta. A zafin Maris da Afrilu kuwa ba ta sawuwa, gumi kawai za ka sha.

A wanke ta a juye da ruwan sanyi, ban da bilic, a shanya a inuwa. A gargaɗi mai wanki da guga tun da wuri: dutsen gawayi na taɓa ta, yadin zai narke.