Na sauya kyamara saboda duhu, fitilar dandamali ta kunyata ni

Shekara shida na yi ina lallaɓa tsohuwar kyamarata DSLR, irin mai madubi a ciki, mai ƙaramar sensa, wato farantin da ke kama hasken hoto. Da rana ba ta da laifi. Amma da zarar an shiga zauren taro an rage fitilu, sai ta hau kai da komo tana neman fokos kamar makahon da ya yar da sanda, kafin ta kama har mai jawabi ya sauke hannu ya koma kan takardarsa. ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske a duhu, na haura 3200, fuskar mutum ta zama kamar an watsa mata yashi. Filashi ne ke rufa min asiri, shi ma ba kowane taro ake yarda ka riƙa walƙa wa manyan baƙi shi a ido ba.

Don haka na rufe ido na sayi sabon jikin kyamara, marar madubi, mai babbar sensa. Uku na yi ta aunawa: Sony a7 III ta 2018, da Canon EOS R6 da Nikon Z6 II, su biyun na 2020. Ba zan faɗi wacce na ɗauka ba, na san halinku, yanzu za a kaure da musun wannan ta fi waccan. Ajinsu ɗaya dai: sensa mai milimita 36 da 24, wato ninki biyu da wani abu na girman filin sensar tsohuwata, gidan memori biyu, abin hana rawar hannu a cikin jikin kyamarar, da fokos mai bin ƙwayar idon mutum.

Daren farko da na gwada ta a ɗaki, ƙwan fitila ɗaya ke ci, na ɗora ISO a 12800. Wallahi sai da na sake dubawa, na zaci ban saita daidai ba. Hoton ya fi wanda tsohuwar ke ba ni a 3200 tsabta. Na nuna ta lungun da ni kaina ba na ganin komai sosai, ta cafke idon ƙanina ta riƙe, yana motsi tana binsa. Ranar na ce kuɗina sun halatta.

Sai aka kira ni aikin liyafar karrama ma'aikata. Zaure babba, an kashe fitilun sama, dandamali ne kaɗai ke haske da irin fitilun LED ɗin nan masu sauya launi. Mai shirya taron ya ja ni gefe ya ce, ranka ya daɗe, don Allah ba ma son filashi, ba ma son ƙarar ƙyas-ƙyas lokacin jawabi. Na yi murmushi na ce wannan ai shi na zo yi. Na kunna shota marar sauti (shota ita ce ke buɗe wa haske ƙofa lokacin ɗauka), na sa gudunta a 1/500 na daƙiƙa don kar hannun mai tafi ya goge, na kashe nuna hoto bayan ɗauka saboda batir. Na yi ta harbi ina jin kaina, ba wanda ya san ina wurin. An kira mutum goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya hau ya karɓi lambar yabo, an sha hannu, an juyo an kalle ni.

Lokacin hutun cin abinci na zauna in duba abin da na tara. Nan gumi ya karyo min. Kowane hoto na dandamali da layuka a kwance, duhu da haske, duhu da haske, daga sama har ƙasa, kamar jikin jakin dawa. A fuskar shugaban taron akwai layi shuɗi a goshi, layi baƙi a haɓa. Ba guda ba, ba goma ba, kusan ɗari uku, kuma su ne hotunan da aka ɗauko ni dominsu.

Daga baya na gane abin da ya faru. Fitilar da ke kan wutar lantarki mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, wato 50 Hz, tana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ta 60 Hz sau 120, ido ba ya gani. Wannan mai sauƙi ne, ka sa gudu a 1/100 ko 1/50 ka huta. Amma fitilun dandamali idan an rage musu ƙarfi, kunnuwa suke suna mutuwa sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa. Ita kuma shota marar sauti ba lokaci guda take ɗaukar hoton ba, layi-layi take karanta sensa daga sama zuwa ƙasa, kuma tana jan ƙafa sau da yawa fiye da labulen shota na asali, wanda ke ratsawa cikin kamar kashi ɗaya bisa 200 na daƙiƙa. Layin da aka karanta fitila na kunne ya fito da haske, wanda aka karanta tana mace ya fito da duhu. Masu tsadar da ke karanta sensa da sauri ba su cika yin wannan ba, irin su Sony a9 ta 2017, ko Nikon Z9 ta 2021 da ba ta ma da labulen gaba ɗaya. Ni ba ajin da na shiga ba ke nan, kuma wanda ya sayar min ya yi ta yabon shirun nan bai ce min uffan game da fitila ba. Da na koma masa sai ya ce ai kowa ya sani. To ni ban sani ba.

Na koma shota mai ƙara, layukan suka kusa ɓacewa, sai ɗan abin da ba a rasa ba a bango. Na cire kunya na roƙi mai taron a sake tara waɗanda aka karrama bayan an tashi. Takwas na samu, huɗu sun riga sun tafi. Na kwana biyu gaban kwamfuta ina shafa layi a fuskokin huɗun nan, biyu na mai da su baƙi da fari na ce salo ne. Ba su sake kirana ba.

Tun daga nan sauran ƙorafin suka riƙa tasowa. Lensina mai f/2.8, wato mai buɗewa sosai ya sha haske, da na fi ji da shi ashe na ƙaramar sensa ne, na ɗaura shi da adafta sai kyamarar ta yanke hoton, megafiksel ɗin ya dawo ƙasa da rabi. Wato sayen jiki somin taɓi ne, ga lensi na jira. Batir kuwa, tsohuwar na wuni da guda, wannan allon leƙawarta wuta yake sha ko ba ka ɗauki komai ba, yanzu uku nake yawo da su. Abin hana rawar hannun ma da na yi ta ɗoki, hannuna yake riƙewa, ba ya riƙe wanda ke rawa a fili. Na ɗauki zauren da ba kowa a 1/10 ya fito tar, na ɗauki mutane a haka suka fito kamar aljanu.

Na yi niyyar sayar da ita, har na ɗauki hotonta na sa talla. Sai wani aikin ya faɗo, kiɗa ne a waje da dare, haske sai na 'yan ƙananan ƙwayaye da aka rataya. Na tafi da lensi mai milimita 50 da f/1.8, ISO 8000, shota mai ƙara. Na samu wani dattijo yana dariya ido rufe, kowane gashin gemunsa ana ƙirgawa. Tsohuwata ko fokos ba za ta samu a wurin ba. Na goge tallan.

Yanzu kafin kowane taro sai na je na nemi mai kula da fitilu ya kunna min su yadda za su kasance, in ɗauki farin bango sau uku in zuƙo in duba. Maɓallin shirun kuma na cire shi daga inda yatsana ke kaiwa.