Tsakanin Masar da Dubai, Alƙahira zan ce ka kai ta

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a cikin wannan niyya taka ta yi wa maiɗakinka ba-zata da tafiya ƙasar waje don cikar aurenku shekara 10, ya kuma nuna muku ranar lafiya. Tunda hankalinka ya rabu tsakanin Masar da Dubai, kuma daga kai har maiɗakin taka babu wanda ya taɓa ƙetare iyakar ƙasa, shawarata ita ce ka yanki tikitin Alƙahira. Na kai iyalina wuraren biyu. Tafiyar Masar har gobe ana labarinta a gidana, ta Dubai kuwa kuɗin da na kashe nake tunawa.

Wanda bai taɓa fita ba, hanya ya kamata ya fara dubawa kafin kyawun gari. Jirgin EgyptAir yana tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, tafiyar da ba ta wuce awa 5, kuma akwai irinsa daga Abuja, saboda haka inda kuka hau da inda za ku sauka kaɗai ne aikinku. Dubai kuwa, da muka tashi daga Kano sai da muka ya da zango a Adis Ababa muka sauya jirgi. Ga ɗan kasuwar da ya saba wannan ba komai ba ne, amma neman ƙofar jirgi na biyu a filin da ba ka san kansa ba, cikin gajiya, ga matarka a bayanka ta dogara da kai kacokan, ba shi ne abin da zan so maka a fitarku ta farko ba.

Sai batun biza. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai ke cikinta, ta dakatar da bai wa 'yan Nijeriya biza a 2022, ba ta dawo da ita ba sai a watan Yulin 2024, kuma ko da ta dawo ta zo da ƙarin sharuɗɗan tantance takardu. Ranar cikar aure ba ta matsawa don a jira biza. Masar ma sai da biza a hannu ake zuwa, amma hanyarta a fili take: ofishin jakadancinsu yana Abuja, za ka tanadi fasfo, hotuna, bayanan asusun banki, tikitin zuwa da dawowa da shaidar masauki. Ka fara da wata 2 a gaba, kada ka bari sai kwana ya ƙure.

Mu a watan Disamba muka je, muka kwana 7 a wani otal da ke kusa da dandalin Tahrir. A rana ta uku muka tafi sallar Azahar a masallacin Azhar, wanda aka fara sallah a cikinsa tun shekarar 972. Maiɗakina tun tana yarinya a Islamiyya take jin ana cewa malam wane a Azhar ya yi karatu, ba ta taɓa kawowa a ranta za ta taka wurin da ƙafarta ba. Da muka idar, sai na same ta zaune a farfajiyar, takalmanta a jaka, tafin ƙafarta a kan farin dutsen nan mai sanyi, tana kallon hasumiyoyi ba ta cewa komai. Muna nan sai wani matashi da littattafai a hammata ya jiyo Hausarmu, ya matso ya rusuna ya ce, "Baba, sannunku da zuwa, daga ina?" Ɗalibi ne, ɗaya daga cikin yaranmu da yawa da ke karatu a can. Shi ya tsallaka da mu titi zuwa masallacin Sayyidina Husaini, ya shigar da mu kasuwar Khan Khalili da ke maƙwabtaka da shi, ya tsaya ya yi mata cinikin jallabiya da Larabcinsu na kasuwa har kuɗin ya sauko ƙasa da rabin abin da aka fara faɗa. Da ƙyar ya karɓi kuɗin mota.

Washegari da la'asar sakaliya na ɗauki ƙaramin jirgin ruwan nan da iska ke turawa, wanda suke kira faluka, mu biyu kawai da matuƙi, na awa 1 a kan kogin Nilu. A nan na miƙa mata zoben da na ɓoye tun daga gida. Ba mu daɗe ba aka fara kiran Magariba, wannan gaɓa ta ɗauka, waccan ta amsa, masallaci bayan masallaci, ga ruwa yana dukan gefen jirgin a hankali. Abin da na biya matuƙin bai kai kuɗin abincin rana guda a Dubai ba, kuma wannan yammacin ne take bai wa duk wadda ta zo mata barka da dawowa labari.

Sauran kwanakin ma ba a rasa wurin zuwa. Dalar Giza tana bakin gari, babbar cikinsu ta kai shekara 4,500 a tsaye. A unguwar Fusɗaɗ akwai masallacin Amru bin Asi, na farko da aka gina a Masar, kuma ba nisa da shi akwai gidan tarihin da aka mayar da gawarwakin tsofaffin sarakuna da sarauniyoyi 22 a watan Afrilun 2021. A cikinsu har da Ramsis na biyu, wanda wasu ke cewa shi ne Fir'aunan zamanin Annabi Musa. Ko shi ne ko ba shi ba ne, ganin mai mulki irin wannan kwance a cikin gilashi, gashinsa da farcensa suna nan, ya sa mun fito jikinmu a sanyaye. Bayan tafiyarmu kuma an buɗe sabon babban gidan tarihi a gefen dalar a watan Nuwamban 2025. In kun gaji da birni, jirgin ƙasa zai kai ku Iskandariyya a bakin Bahar Rum cikin kamar awa 3, ku ci kifi ku dawo a yini guda.

Dubai gari ne mai tsafta da tsari, wannan ba a musu, kuma Burj Khalifa mai tsawon mita 828 abin kallo ne na yini ɗaya. Daga nan sai kantuna. Ni a watan Agusta na kai ta saboda an ce mini lokacin ya fi araha, ashe arahar ta zafi ce: ma'auni ya haura 40, daga otal sai mota, daga mota sai cikin kanti. Dirhaminsu a ɗaure yake da dala, 3.67 a kan kowace dala 1, don haka ko ruwan sha ka saya lissafin dala kake yi. In gwal za ka sayo a unguwar Deira ko sarin kaya za ka yi, Dubai ce wurin. Kai kuwa ba fatauci zai kai ka ba.

Alƙahira ma tana da nata. Akwai cunkoson motoci, ƙura da hon ba dare ba rana, kuma kusan duk wanda ya nuna maka hanya ko ya ɗaga maka jaka yana jiran ɗan ihsani, wanda suke kira bakshish, saboda haka ka riƙe ƙananan kuɗi a aljihu dabam. Mota ka riƙa kira ta Uber don kuɗin ya fito a waya tun kafin ku shiga. Masu raƙuma a dalar Giza kada ku hau sai an yanke farashi, kuma a faɗa a fili cewa har da saukowa. Manyan wuraren tarihi yanzu da katin banki ake sayen tikitin shigarsu, don haka ka je bankinka ka tabbatar katinka zai yi aiki a waje, ka kuma riƙe dala a hannu. Abinci ba zai ba ku wahala ba, akwai gasasshen nama, gurasa, wake da wani haɗin shinkafa da taliya da ake kira koshari, sai dai babu yaji, a ƙulla muku naku daga gida.

Game da ba-zatar, ka sani ba za ta yiwu ɗari bisa ɗari ba, kuma bai ma kamata ta yiwu ba. Fasfo sai mai shi ya je da kansa ofishin shige da fice an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, kuma dole sunanta da ranar haihuwarta su dace da abin da ke kan lambarta ta NIN, in akwai saɓani gyaran kaɗai yana iya cin makonni. Allurar rigakafin shawara ma a jikinta za a yi, Masar tana neman katin daga masu zuwa daga Nijeriya, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10. Abin da na yi shi ne na ce mata lokaci ya yi da kowannenmu zai mallaki fasfo, wanda gaskiya ne, na bar sunan ƙasar da ranar tashi a cikina har sai da takardun biza suka zo sa hannu. Ka ba ta aƙalla mako 3. Mace tana da ɗinki, kitso da ƙunshi, tana da wanda za ta bar wa yara, in tana aiki sai ta nemi hutu, kuma ba za ta ji daɗin barin ƙasa ba tare da ta je ta yi sallama da iyayenta sun sa mata albarka ba. Ka jawo yayarta ko ƙanwarta cikin shirin tun da wuri, ita za ta riƙe maka sirrin ta kuma gaya maka abin da ka manta. Takardar aurenku ma ku tafi da ita, wasu otal-otal suna tambaya.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja kunnenka a kan masu shirya tafiya. Wanda ya haɗa mana ta Dubai ya nuna mini hoton otal mai kallon teku, muka sauka a wani lungu da tagarsa ke kallon bango, wayarsa kuma a kashe har muka dawo. Wannan ma da sauƙi. Babbar damfararsu ita ce su kama maka kujera a jirgi ba tare da sun biya ba, su buga maka takarda mai sunanka da ranar tafiya, bayan kwana biyu kamfanin ya soke, ba za ka sani ba sai kana gaban kanta da akwatuna. Tikitin gaske yana da lamba 13, na EgyptAir da 077 yake farawa, kuma akwai wata lamba mai haruffa 6 da za ka shigar a shafin kamfanin jirgin da kanka ka ga sunayenku. Kada ka cika kuɗi sai ka gani. Otal ɗin ma ka kira su ka ji ko an biya. Ka nemi mai ofishin da za ka iya komawa, mai rajista da NANTA, ƙungiyar masu shirya tafiye-tafiye ta Nijeriya, ka biya ta asusun kamfani ka karɓi rasit. Duk wanda ya ce maka biza tabbas ce a hannunsa, ko ya ce zai samo katin shawara ba tare da allura ba, ka tashi ka bar masa wurin. A filin jirgi kuma kada ku karɓi saƙon kowa, ko da dattijo ne ya haɗa ku da Allah, domin Masar tana hukunci mai tsanani a kan ƙwayoyi irin su tiramadol, kuma wanda aka samu da jaka shi ne mai ita.

Lokacin da ya fi daɗi a Alƙahira daga Nuwamba ne zuwa Maris, da rigar sanyi a jaka saboda dare. In ranar taku ta faɗo tsakanin Yuni da Agusta, ka miƙa mata tikitin a ranar, a cikin ambulan tare da fasfonta, ku tashi idan sanyi ya shigo.