Bututun birki na jan ƙarfe da nikel: bututun ya yi, notin da aka haɗo ni da shi ne ya kusa jefa ni cikin garken shanu

Motata Fijo 504 ce akori-kura, haɗin Kaduna, gadon mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ta girmi duk 'ya'yana. Da ita nake kai riɗi da zoɓo kasuwar Maigatari, da ita nake ɗauko taki idan damina ta kawo kai, kuma ko mara lafiya aka samu a ƙauyenmu cikin dare, ƙofata ake bugawa. Shi ya sa maganar birkinta ba ƙaramar magana ba ce a wurina.

Takin nan shi ne ya cinye min bututun birki na asali. Buhun yuriya ya huje, ya zuba ta ramukan bodi, ruwan sama ya narkar da shi, ya kwanta a kan shasi tare da taɓo, shekara da shekaru. Ranar da makanikenmu ya shiga ƙarƙashin motar ya kankare bututun da ke tafiya baya, sai ga shi duk ya yi ƙuraje, wani wurin ma farce kawai ka sa tsatsa ta ɓantalo. Ya ce ko dai a daddatse a yi jona da bututun firji, ko a buge na baya a toshe, a riƙa tafiya da birkin gaba kaɗai kamar yadda wasu ke yi. Na ce duka biyun ban yarda ba. Bututun firji jan ƙarfe ne zalla, girgizar hanya tana sa shi ya yi tauri ya tsage ba tare da ya yi maka sallama ba. Toshe birkin baya kuwa, a motar da ke ɗaukar buhu goma, ganganci ne da ran mutane.

Ɗan yayana da ke zaune a Kano shi ya kawo maganar wannan bututun. Ya ce, "Baffa, akwai wanda ba ya tsatsa. Kashi 90 cikin ɗari jan ƙarfe ne, kashi 10 nikel, da ɗan ƙarfe kaɗan a ciki. Kamfanin Volvo tun 1976 ya fara sa wa motocinsa shi, saboda gishirin da ake zubawa a titi a ƙasashen sanyi." Na ce to ai mu ma muna da namu gishirin, sai dai namu a buhu yake zuwa. Ya samo min naɗi guda mai tsawon ƙafa 25, mai kauri 3/16, a wani shago cikin birni, tare da 'yar leda ta notuna da mai shagon ya ce kyauta ce. Kuɗin dai kun san yadda abubuwa suke yanzu, ya fi na baƙin ƙarfe tsada nesa ba kusa ba, sai da na yi tsaki kafin na tura.

Da ya iso, abu na farko da makanike ya yi shi ne ya ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar sifikar rediyo ya ɗora a kai. Bai kama ba. Ya ce, "Alhaji, wannan na gaske ne. Akwai wanda ake shafa wa baƙin ƙarfe launin jan ƙarfe a sayar maka, shi da ka kai mayen ƙarfe zai manne." Launinsa ja-ja ne mai ɗan haske, bai kai jan bututun firji ba.

Gaskiya ranar aikin na ji daɗi. A gindin darbejiya muka yi, aka shimfiɗa tsohon bututun a ƙasa ana bin kwanarsa ɗaya bayan ɗaya. Da manyan yatsunsa biyu kawai yake lanƙwasa sabon, inda kwana ta yi tsanani ya naɗa shi a jikin gwangwanin madara, kuma ko sau ɗaya bai karye ko ya loɓa ba. Mutumin da ya saba kokawa da bututun ƙarfe har gumi ya jiƙa masa riga, sai ga shi yana aiki yana dariya, yana kiran yaransa su zo su taɓa. Wajen yin baki ma haka. Bakin bututun Fijo a dunƙule yake kamar ɗan kan albasa, ba irin na motocin Japan ba da ke buɗe kamar mazurari mai ninki biyu, don haka ƙarfen masu gyaran firji ba ya yi, sai da ɗan yayan nawa ya aro mana wanda ya dace. Makanike ya gwada a guntaye uku, na huɗun ya fito sumul. Abu ɗaya da ya ja min kunne a kai shi ne laushin bututun: ya ce kada a bar shi yana lilo, ya ƙara maɗauri kusan kowane taku ɗaya, ya sa yankan tsohon tiyub a duk inda zai goga da shasi. Aka zuba sabon man birki DOT 4, aka cire iska tun daga ƙafar da ta fi nisa da masta, wato babbar tukunyar da ke tura man birki, ina taka ina riƙewa yana buɗewa. Birki ya tsaya a sama, tauri kamar dutse. A ranar da za a ce na ba kayan nan maki, da na ba shi duka ban rage ba.

To ga inda ɓacin ran yake. Yawancin tsofaffin notunan mun wanke mun mayar da su, amma guda biyu tsatsa ta cinye musu kai, sifana ba ta kama su. Sai aka ɗauko biyu daga ledar kyautar nan. Ledar ba rubutu, ba lamba, mai shagon dai ya gaya wa ɗan yayana cewa kowace mota suna yi. Na ga lokacin da makanike ya ɗaura na ƙafar baya ta dama. Ya shiga da hannu salin-alin, ya ɗan yi rawa, da aka sa sifana ya ɗaure. Ba ɗigo ko ɗaya. Muka tashi.

Mako uku ina yawo lafiya, kayan ba nauyi. Ran wata Alhamis bayan an gama girbin riɗi, na yi lodin buhu goma tun asuba, ni da yaron mota da wani dattijo maƙwabcina da ya roƙi na rage masa hanya. Mun baro hanyar burji mai kwazazzaɓai, mun hau kwalta, mun wuce Gumel, gari ya waye sosai. Duk wanda ya san hanyar Maigatari ranar kasuwa ya san yadda dabbobi ke cika ta. Muna dab da shiga gari sai wani garke ya ɓullo daga hagu, manyan bijimai farare, ga wani ɗan Fillo da bai wuce shekara goma ba a gabansu da sandarsa a kafaɗa. Na taka birki da ƙarfi. Ya kama na ɗan lokaci, sai na ji wani abu ya saki, ƙafata ta nutse kusan har ƙasa. Wallahi har yau idan na tuna nutsewar nan sai cikina ya juya. Na ɗaga na sake takawa, na sake, motar tana ɗan ja amma nauyin riɗi yana tura mu. Dattijon nan ya riƙe gaban mota da hannu biyu yana ta Innalillahi. Na danna hon, na sauke giya zuwa ta biyu, injin ya yi kuka, na ja birkin hannu a hankali don kada bayan ya juya da mu, na karkata zuwa gefen titi inda yashi yake da zurfi. Yashin ne ya riƙe mu, da ikon Allah. Mun tsaya tsakaninmu da yaron nan bai fi tsawon tabarma biyu ba. Ya juyo ya dube ni, bai ma san abin da ya wuce ba, ya ci gaba da kora shanunsa.

Na fito ƙafafuna suna rawa. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne tsine wa bututun. Na ce ga abin da laushi ya jawo, an sayar min da kayan ado an ce na birki ne. Har na kira ɗan yayana na faɗa masa maganganun da daga baya sai da na ba shi haƙuri. Yaron mota ne ya kwanta a yashi ya leƙa, ya ce, "Oga, ai fayif ɗin lafiyarsa ƙalau." Na durƙusa na gani da idona. Bututun yana nan yadda aka ɗaura shi, bakinsa bai tsage ba, bai ko motsa daga maɗaurinsa ba. Notin ne ya tsinko daga tukunyar birki yana reto a jikinsa, mai ya wanke bayan taya, tiredin, wato zaren da noti ke kamawa da shi, ya shafe kamar an goge da fayil.

Wani tsohon makaniken Fijo a nan bakin kasuwa shi ya warware min. Ya juya notin a tafin hannunsa, ya ɗauko nasa ya haɗa su baki da baki. Ya ce wannan na inci ne, 3/8, na motocin Amurka, ramin Fijo kuwa milimita 10 ne. Bambancinsu kusan rabin milimita ne, tazarar tiredin ma kusan ɗaya, shi ya sa yake shiga har ya yi kamar ya ɗaure, alhali bakin tiredin kaɗai ya kama. Ranar da ka taka da ƙarfi da kaya a baya, ranar zai tofo shi. Ya ce, "Malam, da na milimita ne a ramin inci, da ya ƙi shiga tun farko kun gane. Wannan shi ne mugun, don ba ya gardama."

Sai da aka canja tukunyar birkin gaba ɗaya saboda ramin ya lalace, aka cire ɗaya notin ma da ke can gaba, aka sake yin baki, aka sake sayen mai. Kafin mu gama azahar ta wuce, manyan masu sayen riɗi sun cika motocinsu, na sayar a yadda aka taya.

Bayan kwana biyu na shiga Kano takanas da ledar a aljihuna. Ban je neman kuɗi ba, so nake mai shagon ya daina ba mutane ita. Na zube notunan a kan kantarsa na gaya masa abin da ya faru tun daga shanun har yaron. Ya ce ai shi ba shi ya ƙera ba, haka suke zuwa a kwali, kuma kyauta ya ba ni. Ko sannu bai ce min ba. Ina tsaye wani ya zo sayen irin naɗin, ya miƙa masa da irin ledar. Na riƙe hannun mutumin na ce ya je da tsohon notinsa a gwada kafin ya ɗaura. Mai shagon ya ɓata rai, ni ma na ɓata.

Shi bututun, ba zan zalunce shi ba. Damina guda ta wuce a kansa, na yi jigilar taki kamar kullum, na ratsa ruwa har ya taɓa ƙofa. Da kaka na sa aka ɗaga motar na wanke taɓon da hannuna. Launinsa ya dushe ya yi duhu, amma da na goga da tsumma sai ga shi sumul, babu ƙurji ko ɗaya, alhali maɗauran ƙarfen da muka sa rana ɗaya da shi har sun fara ja. Maƙwabcina mai tsohuwar Hilux ya gani ya ce shi ma zai sa, na ce ya sa, amma ya sani bakin nasa daban ne da na Fijo, kuma noti ya saya a wurin masu kayan motarsa, ya ga lambar da idonsa.

Shagon nan dai na bar shi har abada. Sauran notunan guda takwas suna nan a ledarsu, na ɗaure na rataye a ƙusa cikin zaure, duk direban da ya zo gaisuwa sai na kwance na nuna masa.