Tsohon tallan kayan ninƙaya na mujallun Amurka: wanne za ka saya?

A kasuwannin intanet irin su eBay da Etsy, zane ɗaya kan fito da fuska uku: shafin da aka yanko daga mujallar asali, kalandar zamanin, da sabon bugu na inji. Duk ukun za ka ga an rubuta musu "tsoho". To, ba duka ne suka tsufa ba.

Shafin mujalla shi ne abin da masu tara irin waɗannan takardu suka fi nema. Misali tallan kamfanin Jantzen mai ɗinka kayan ninƙaya a birnin Portland, wanda George Petty ya yi wa zane a ƙarshen shekarun 1930, ko zanen matan da Alberto Vargas, ɗan ƙasar Peru, ya riƙa yi wa mujallar Esquire daga 1940 zuwa 1946. Zane-zanen Vargas ɗin sun tayar da ƙura a lokacinsu, har hukumar gidan waya ta nemi janye wa Esquire rangwamen kuɗin aike, sai da Kotun Ƙoli ta ba mujallar gaskiya a 1946. Wannan tarihin ake biya, ba takardar kaɗai ba.

Gane na asali ba wuya. Ka ce mai sayarwa ya turo maka hoton bayan shafin. Mujalla ba ta barin baya fayau. Dole ka ga wani talla ko guntun labari. In ya yi ta hanya-hanya, ka riƙe kuɗinka. Sai girma: shafin mujallar Life na wancan zamani ya kai kusan inci 10 da rabi a faɗi, 14 a tsawo, don haka wanda ya zo daidai da takardar ofis akwai alamar tambaya a kansa. Gefen da aka cire shi daga mujallar ma yakan nuna yanka ko ramin ƙusar ɗinki. Ɗan jan da takarda ke yi a gefe ba aibi ba ne, shekaru ne. Tabon ruwa da fumfuna su ne ke karya farashi.

Kalanda kuwa, musamman zanen Gil Elvgren da kamfanin Brown & Bigelow na Minnesota ya buga tun daga tsakiyar shekarun 1940, takardarta ta fi kauri, launinta ya fi fita. Matsalarta, da yawa an datse sunan shagon da ya raba ta da jerin watannin, alhali cikakkiya ta fi daraja.

Sabon bugu ba laifi ba ne muddin an faɗa maka gaskiya. Ɗalibin zane ko mai nazarin tarihin talla, wannan ya ishe shi, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Sai dai ranar sayarwa kada ka sa rai da riba. (Kuma a tuna, zanen mata ne cikin kayan iyo, ba kowane falo ne zai karɓe shi ba.)

Ni dai da za a ba ni zaɓi, cikakkiyar mujalla zan ɗauka, domin kwanan watan yana nan a bangonta, babu gardama. In kuma shafi ɗaya ka samu, kada ka kai shi a liƙe da leda a inji, ka kashe shi ke nan. Ka sa shi a firam mai gilashi, da kwali marar asid tsakaninsa da gilashin, a bangon da rana ba ta duka.