Kwalin Feyder da na jira wata biyu

Kwalin finafinai ne, na hannu. Wani abokina da ke karatu a Amurka ya saya mini, ya ba mai tahowa, sai da na yi wata biyu ina zuba ido. Faifan DVD uku ne na finafinan Jacques Feyder, darakta ɗan Beljiyam, daga zamanin da fim ba ya magana: L'Atlantide na 1921, Crainquebille na 1922, da Visages d'enfants na 1925. Saboda na ƙarshen na cire kuɗina.

A 1923 aka ɗauke shi, a tsaunukan Valais na Suwizalan. Da jana'iza ya buɗe: an fito da gawar uwa, ɗanta Jean yana kallo, a bakin kabari kuma ya yanke jiki ya faɗi. Uban, shugaban ƙauyen Saint-Luc, ya auro bazawara mai 'ya, sunan 'yar Arlette. Mu da muka tashi da tatsuniyar kishiyar uwa mun san abin da muke jira, duka da horon yunwa. Ashe matar ba muguwa ba ce. Marayan ne ke gallaza wa agolar gidan, har ya jefar mata da 'yar tsana, ya kuma tura ta nemo ta da dare cikin dusar ƙanƙara. Duk da haka ba ka iya tsanarsa. Ina shekara tara na rasa tawa uwar, shi ya sa da aka zo wurin da ake shirin yanka rigar marigayiya a ɗinka wa Arlette da ƙanwar Jean, tsayar da faifan na yi, na fita tsakar gida.

Hoton ya fito tas in ka tuna shekarunsa, sai 'yan ƙarce-ƙarce nan da can. Rubutun da ke tsakanin fage da fage na Faransanci ne, da fassarar Turanci a ƙasa. Ni na yi ta yi wa maiɗakina tafinta har ta ce in bari, fuskar yaron ta ishe ta.

Mai son saye ya sani, faifan kasuwar Amurka ne. Na'urar falona ta ƙi karɓarsa, a kwamfuta muka kalla.

Crainquebille ma akwai yaron da ya fito a marayan nan, Jean Forest, a matsayin ɗan kan titin Faris. L'Atlantide kuwa, duk da a Saharar Aljeriya aka ɗauke shi, ya doshi awa uku. Sau biyu barci yana sace ni, har yau ban ga ƙarshensa ba.