Zambo ko habaici: wanne ya fi wa ɗan barkwanci a Yamai?

A zambo ana kama sunan babban mutum, a kwaikwayi muryarsa da yadda yake karya hula. Dariya na zuwa nan take, amma in bidiyon ya bazu a WhatsApp, ana iya tuhumar mai shi da ɓata suna, ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2019 da aka maido wa hukuncin ɗauri a 2024.

Habaici ya fi tsira, kuma ya fi wuyar tsarawa. Ba suna, sai alama: "wani mai babbar riga da ya yi mana alkawarin rijiya". Ƴan fada da kansu za su gane. In alamar ta yi nisa, jama'a sai su yi tsit. Alamu biyu sun wadatar, ta uku kan mai da shi zambo.